Hutu ya ƙare, kogi ya cika, aiki na jira: yadda za ka lallaɓa a watan Janairu a Ingila

Assalamu alaikum jama'a. Wannan na 'yan uwanmu ne mazauna Ingila, musamman sabbin zuwa, masu aikin kula da tsofaffi, 'yan asibiti, ɗalibai, da masu aikin sito da kai kaya gida gida. Mu a gida watan Janairu hunturu ne, ƙura da tsagewar leɓe, ba mai kawo zancen ambaliya sai Agusta ko Satumba. To nan ƙasar akasin haka ne, lokacin sanyi shi ne lokacin da koguna ke tumbatsa, kuma abun haushin sau da yawa yana faɗowa ne daidai satin da hutun Kirsimeti da sabuwar shekara ya ƙare kowa zai koma bakin aiki.

Ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ranar 26 ga Disamba 2015 ruwa ya shiga York da Leeds da garuruwan kwarin Calder, bayan kwana uku gadar Tadcaster ta rufta, garin ya rabu biyu har sai 2017 aka sake buɗe ta. Guguwar Henk ta zo ne ranar Talata 2 ga Janairu 2024, ranar farko ta komawa aiki kenan, zuwa Alhamis hukumomin Nottinghamshire sun ayyana babban bala'i saboda kogin Trent. Ranar 1 ga Janairu 2025 kuma yankin Manchester ne, aka kwashe ɗaruruwan mutane a Stockport da Didsbury. Don haka wannan ba abun mamaki ba ne, yana cikin tsarin shekara, shiri kawai yake so.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe kafin mu shiga matakan: ruwan kogi ba ranar da aka yi ruwan sama yake zuwa ba. A lokacin sanyi ƙasa ta riga ta ƙoshi, ba rana mai busar da ita, duk abun da ya sauka a kan duwatsu gangarowa yake cikin kogi, kuma tafiya yake a hankali. Kogin Severn, wanda ya fi kowanne tsawo a Birtaniya, kusan kilomita 354, daga duwatsun Wales yake tasowa, cikar tasa sai ta wuce Shrewsbury, ta zo Bewdley, ta zo Worcester, sannan Tewkesbury, kwanaki ake yi. Haka Ouse na York, ruwan Swale da Ure da Nidd yake tarawa. Sai ka tashi ka ga gari garau, sama ta washe, ka ce an wuce wurin, ashe ranar ce ma ruwan zai iso unguwarku. Amma wannan jinkirin shi ne rahamar, don yana ba ka lokacin shiri in ka san inda za ka duba.

Mataki na 1: san koginka, kuma ba na gidanka kaɗai ba

Shiga shafin gwamnati na gov.uk, wajen duba ambaliya, ka sa lambar unguwarku wato foskod. Ka yi wa gida, ka yi wa wurin aiki, ka yi wa makarantar yara, sannan ka buɗe taswira ka bi hanyar da kake bi kullum ka ga gada nawa kake haurawa. Mutane da yawa gidansu na kan tudu lafiya lau, amma gadar da bas ke bi ce ake rufewa, shikenan an yanke su da aiki. A shafin akwai ma'aunin tsayin kogi na tasha tasha, za ka ga layi yana hawa ko yana sauka. Kar ka tsaya kan na kusa da kai kawai, duba na garin da ke samanku ta inda ruwan ke gangarowa, abun da ke can yau shi zai zo muku gobe ko jibi.

Daga nan ka yi rajistar saƙon gargaɗi na Environment Agency, hukumar kula da muhalli ta Ingila, kyauta ne, suna kira ko su turo tes ko imel. In intanet na ba ka wahala kira Floodline, layin wayar bayanin ambaliya, a 0345 988 1188. Wanda ke Scotland SEPA ce hukumarsu, na Wales kuma Natural Resources Wales. Ko haya kake ka yi da kanka, kar ka ce mai gida zai faɗa maka, wani mai gidan ma ba a garin yake ba.

Mataki na 2: gane abun da saƙon ke cewa

Hawa uku ne, kuma da Turanci za su zo maka don haka ga su yadda suke. Flood alert, ma'ana ambaliya na iya yiwuwa, ka shirya. Flood warning, ana sa ran ruwan zai shigo, ka tashi ka yi abun yi yanzu. Severe flood warning, rai na cikin haɗari, in an ce a fita a fita. Na farkon yana yawan zuwa har mutum ya saba ya daina buɗewa, nan ne ake samun matsala, ranar da na biyu ya zo sai a ɗauka irin na kullum ne. Ka riƙa karanta kalmar da kyau.

Shi kuma gargaɗin hukumar hasashen yanayi ta Met Office, mai ruwan ɗorawa da ruwan goro da ja, na yanayin sama ne, iska da ruwan sama. Yana iya ƙarewa alhali na kogi yanzu ya fara.

Mataki na 3: maganar wurin aiki, kuma nan zan daɗe

Gaskiya ga irinmu yawanci ba ruwan ne ke cutarwa ba, albashi ne da takarda. Abun da mutane ba su sani ba, a dokar Birtaniya in hanya ce ta hana ka zuwa aiki, ba dole ba ne a biya ka kuɗin ranar, sai in kwantiraginka ko tsarin kamfanin ya ce a biya. In kuwa su ne suka rufe wurin aikin kai kana shirye ka zo, yawanci biyanka ya hau kansu, sai in akwai wani sharaɗi a kwantiragin da ya ba su damar dakatar da aiki. Wanda ke kwantiragin da ba a ƙayyade masa awanni ba, shi kam ba shif ba kuɗi, magana ta ƙare. Don haka tun kafin ruwa ya zo ka nemo kwantiraginka da littafin dokokin ma'aikata ka karanta wajen da ya yi maganar mummunan yanayi. Na san ba mai son karatun nan, amma shafi ɗaya ne ko biyu.

Sai ka yi magana da wuri, kuma a rubuce. Da daddare in ka ga gargaɗi a hanyarka, tura wa manaja ko mai tsara shif saƙo: ga hanyar da nake bi, ga gargaɗin da aka fitar, ga sikirinshot, zan gwada hanya kaza, ƙila in makara da kamar awa ɗaya, in abun ya ƙi zan kira kafin ƙarfe kaza. Shikenan, ba dogon bayani. Mu da al'adarmu ta kunya da kawaici sai mutum ya yi shiru yana cewa bari dai in gwada, sai ƙarfe 9 ta yi yana tsaye a tasha waya na ta ƙara. Su kuma a wajensu shirun nan shi ne laifin, ya fi makarar muni. In ta waya kuka yi magana, bi ta da gajeren tes, kamar yadda muka yi magana ɗazu kaza kaza, ka ajiye.

In zuwan ba zai yiwu ba kwata kwata, kai ka fara kawo mafita: a musanya maka shif da wani, ko a cire ranar a hutunka na shekara, ko ka rama awannin daga baya, ko ka yi daga gida in aikin na kwamfuta ne, ko ka je wani reshe da ya fi kusa. Ma'aikaci mai kwana biyar a sati yana da hutun kwana 28 a shekara a doka, ranar da aka cire daga ciki ana biya, ya fi a rubuta maka hutun da ba biya.

Masu bizar aiki da kamfani ya ɗau nauyinsu, ku kula da wannan sosai: in mutum ya yi fiye da kwanakin aiki 10 a jere bai zo ba kuma ba da izini ba, dole kamfanin ya kai rahoto Home Office, ma'aikatar cikin gida mai kula da biza. Kalmar da ke da nauyi a nan ita ce izini. Shi ya sa nake ta nanata rubutu. Ɗalibai ma jami'a na bibiyar halartar aji saboda biza, in ba za ka samu zuwa ba tura imel sashenku a ranar, ba bayan sati ba.

'Yan uwa mata masu bin gidaje kula da tsofaffi, naku ya fi wuya, na sani, don akwai tsohuwar da ke jiran ki ba ta magani ki ɗaga ta daga gado, zuciya ba za ta bar ki ki juya ba. Amma ba ke za ki yanke shawarar keta ruwa ke kaɗai ba. Kira lambar ofis ta gaggawa ki ce hanyar gidan wance a rufe take, su suke da jerin waɗanda ba za a iya tsallakewa ba, su za su nemo wanda ke ɗaya ɓangaren kogin ko su kira iyali ko kansil, wato ƙaramar hukuma. Kuma doka, sashe na 44 na dokar haƙƙin ma'aikata ta 1996, ta kare wanda ya ƙi shiga haɗari babba da ke gabansa. In aka matsa miki ko aka zaftare kuɗi ba bisa ƙa'ida ba, Acas, hukumar sasanta ma'aikata da masu ɗaukar aiki, na ba da shawara kyauta a 0300 123 1100, in kina cikin ƙungiyar ƙwadago kuma fara da su.

Mataki na 4: hanya

Jirgin ƙasa: duba shafin bayanin jiragen ƙasa na National Rail da daddare, ka sake dubawa da asuba kafin ka fita, don ruwa na rufe layin dogo ko ƙasa ta zabtaro kansa cikin dare. In sun ce bas ce za ta maye gurbin jirgi, ka ninka lokacin tafiyar a lissafinka, kuma ka fita da wuri don layi ake yi. Ajiye tikitinka, za mu dawo kansa.

Mota: dan Allah kar ka shiga ruwa. Ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30, wanda bai ma kai gwiwa ba, yana iya ɗaga mota ya tafi da ita, kuma ɗan kaɗan in injin ya zuƙa ya gama aiki. In an sa alamar an rufe hanya, an rufe kenan, ko da ka ga wata babbar mota ta ratsa. Masu inshora ma suna iya ƙin biya in suka ga da gangan ka shiga, wanda kuma inshorarsa ƙaramar ce mai biyan wanda ka buge kawai, ba ruwanta da ambaliya tun asali. Taswirar waya ba kullum take sanin an rufe hanya ba, musamman ƙananan hanyoyin ƙauye, sai ta kai ka mashigin da rafi ke ratsa titi. Ka tsaya kan manyan tituna ko da zagaye ne. In ka bi ta ɗan ruwa marar zurfi, taka birki a hankali bayan ka fita ya bushe.

Sai wajen ajiye mota. Filayen fakin na bakin kogi su ne masu sauƙin kuɗi kuma su ke fara nutsewa, irin Frankwell a Shrewsbury da St George's Field a York, rufe su ake yi in ruwa ya taso. Ka ajiye da safe wuri a bushe, ka shiga shif na awa 12, ka fito ruwa ya kai madubi. A satin gargaɗi biya na kan tudu.

Ƙafa ko keke: hanyar yanken nan ta bakin kogi ko bakin kanal da kake bi don ka rage minti goma, haƙura da ita. Farkon Janairu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 8, kafin 4 da rabi duhu ya yi, wato a duhu za ka tafi a duhu za ka dawo, kuma in ruwa ya shafe hanya ba ka gane inda daɓe ya ƙare kogi ya fara. Ruwa mai ƙarfi santimita 15 kacal yana kada babba. Ga murfin kwalbati da ruwa ke turewa ya bar rami, ga sanyin da in ka faɗa numfashi ke ɗaukewa nan take ko ka iya iyo.

Mataki na 5: gyara gida kafin ka fita

Wannan na masu zama a ƙasa ne, da masu ɗakin ƙarƙashin ƙasa da ake samu da araha. In an fitar da gargaɗi hawa na biyu, wato Flood warning, ko kana ganin zai zo kana wurin aiki, yi waɗannan kafin ka kulle ƙofa. Fasfo, takardun makaranta, takardar haihuwar yara, kwantiragin haya da na aiki, sa su a leda mai zif ka ɗora can sama ko ka tafi da su, kuma ka ɗau hotonsu ka tura wa kanka a imel. Biza yanzu ta koma ta intanet, to ka tabbata ka san yadda za ka shiga akawun ɗinka ko da wayar nan ta lalace. Buhun shinkafa da garin tuwo da kwalin indomi da muke jibgewa a ƙasan kicin, ɗaga su kan tebur. Akwatin kayan sallah da ke ƙarƙashin gado, sallaya, Alƙur'ani da littattafan da ke kantar ƙasa, wayar soket mai baki da yawa da ke kwance bayan talabijin, duk sama.

Haɗa ƙaramar jaka: magunguna, caja da fawa bank a cike, tocila, kayan sanyi, ruwan sha, kayan jariri in akwai, da yunifom ɗin aiki guda ɗaya, don ko a ina ka kwana gobe aiki na nan. Ka san inda makashin wuta da na gas da na ruwa suke tun yau, yawanci na ruwan yana ƙarƙashin wurin wanke wanke. In ruwa zai shigo a kashe su, amma kar ka taɓa makunnin wuta kana tsaye cikin ruwa. Buhunan yashi kuwa kar ka dogara da kansil, doka ba ta tilasta musu rabawa ba, wasu na bayarwa wasu ba sa yi.

Lambobi: 999 in rai na cikin haɗari, 105 in wuta ta ɗauke, 0800 111 999 in ka ji warin gas, 111 na rashin lafiyar da ba ta kai gaggawa ba. Rubuta su a takarda ka manna jikin firij.

Mataki na 6: yara

Makarantu na komawa a satin farko na Janairu, kuma suna iya rufewa da sassafe ta tes. Doka ta ba ma'aikaci damar ɗaukar ɗan lokaci don lalurar gaggawa ta iyali, irin rufe makaranta ba zato, sai dai ba dole a biya ba. Tun yanzu ku shirya da wata maƙwabciya ko 'yar uwa wa zai riƙe na wa. Kuma a ja musu kunne kan wasa a ruwan, ba ruwan sama ba ne zalla.

Mataki na 7: in ya riga ya shiga

Kar ka fara da tsintsiya, fara da kyamara. Ɗauki hoto da bidiyo na kowane ɗaki, da layin laka da ruwan ya bari jikin bango, ka sa alama da biro inda ya tsaya, hoton kowane kaya da ya lalace kafin ka zubar. Sannan ka sanar da mai gida a rubuce. Gyaran ginin, wuta, boila, duk nasa ne. Amma kayanka naka ne, inshorar mai gida ba ta biyan katifarka ko laftof ɗinka, sai in kana da taka inshorar kayan ɗaki. Akwai tsarin Flood Re da aka fara a 2016 don inshora ta yi sauƙi a wuraren ambaliya, ya shafi gidajen da aka gina kafin 2009. Na san wasunmu na da shakku kan inshora ta fuskar addini, wannan ka zauna da malaminka, amma ka yi tambayar tun kafin ruwa ba bayansa ba. Kuma kar ka daina biyan haya don fushi, nemi ragi ko wurin zama na wucin gadi a rubuce, ƙungiyoyin ba da shawara na Shelter da Citizens Advice na taimakawa kyauta.

Ruwan nan haɗe yake da na masai da man mota da fitsarin ɓera, warinsa kaɗai zai faɗa maka. Safar hannu ta roba, takalmin ruwa, rufe duk wani ciwo, wanke hannu da sabulu. Abincin da ya taɓa a zubar, ko buhu guda ne, na san da ciwo. In wuta ta ɗauke, firij a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya kamar awa 48, mai rabi awa 24, naman da ya narke ya ɗumama kar a mayar. In zazzaɓi da ciwon jiki suka kama ka bayan aikin share ruwa, kira 111 ka faɗa musu ka shiga ruwan ambaliya. Kar a kunna wuta sai mai gyaran lantarki ya duba, gas kuma sai injiniya mai rajistar Gas Safe.

Ga wanda ya fi ba ni tsoro da mutanenmu. Ba wuta, ba hita, gida a jiƙe, sanyi kamar me, sai wani ya tuna da kaskon turaren wuta ko murhun gashi ya hura gawayi a ɗaki don a ji ɗumi ko kafet ya bushe. Kar a yi, wallahi kar a yi. Gidajen nan a toshe suke ruf ba inda iska ke shiga, hayaƙin gawayi da na janareto yana da gubar da ba wari ba launi, barci kawai mutum zai ji. In gidan ba ya zaunuwa, kansil na buɗe wurin fakewa a makaranta ko zauren unguwa, masallatai ma na taimakawa, je can.

Mataki na 8: kuɗi

Janairu dama wata ne mai tsawo, wurare da yawa sun biya albashin Disamba da wuri, an kashe a hutu, an tura gida, ga kuɗin hita. In ka rasa shif biyu uku ka lissafa tun yanzu nawa zai ragu, ka faɗa wa mutanen gida gaskiya cewa na wannan watan zai yi ƙasa ko zai makara, ya fi ka ci bashi mai ruwa. Duba takardar albashinka ta ƙarshen wata ka ga yadda aka rubuta ranakun, in an sa ba ka zo ba ba izini alhali kana da saƙon, a gyara nan take.

Tikitin jirgin da na ce ka ajiye, akwai tsarin Delay Repay, in jirgi ya makara da minti 15 ko 30, ya danganta da kamfanin, ana mayar maka da wani kaso, kuma cikin kwana 28 ake nema a shafinsu. In an soke jirgin ka fasa tafiyar, kuɗinka gaba ɗaya za ka nema a inda ka saya. Bayan guguwar Henk gwamnati ta sanar da tallafin har fam 500 ga gidajen da ruwa ya shiga a yankunan da suka cancanta, da yafe harajin kansil na aƙalla wata uku, ta hannun kansil ake bi kuma ba kowace ambaliya ake buɗe shi ba. Don haka ka kai rahoto kansil cewa ruwa ya shiga gidanka don sunanka ya shiga lissafi. In bizarka na ɗauke da sharaɗin hana cin tallafin gwamnati, tambayi Citizens Advice tukuna kafin ka cike kowane fom, ka tafi musu da hotunan da kwantiragin hayarka.